Tafiya Cikin Ruwa Bayan Tiyatar Kwatangwalo: Nazarin Na'urar Taku da Tunanin Bahaushe Kan Jinyar Ƙashi a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin na'urar taku cikin ruwa, wadda ake amfani da ita wajen sake koya wa majinyaci tafiya bayan an yi masa tiyatar kwatangwalo, sannan ta auna hikimar da ke cikinta da ma'aunin rayuwar manoman yankin Funtuwa da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina. An bi hanyar bitar rubuce-rubucen masana lafiya da na masana al'adun Hausawa, tare da ƙalailaice kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a fagen jinyar ƙashi. Nazarin ya gano cewa amfanin na'urar ya rataya ne a kan abu guda, wato ba majinyaci damar yin motsi da wuri ba tare da ya ɗora wa gaɓar dukkan nauyin jikinsa ba. Haka kuma, ya gano cewa kalmomin ɗori da gashi da jinya sun ginu ne a kan kwanciya da jiran a yi wa mutum aiki, alhali tiyatar kwatangwalo tana buƙatar majinyaci ya tashi ya taka. Maƙalar ta nuna haɗarin mayar da madatsun ruwan yankin gurbin na'urar, sannan ta ba da shawarar kalmomin da za su isar da saƙon likita ga manomi cikin harshensa.

Fitilun Kalmomi: kwatangwalo, ɗori, gashi, na'urar taku, Funtuwa, Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Yankin Funtuwa da Malumfashi, haɗe da Bakori da Danja da Ƙafur da Dandume da Faskari, shi ne rumbun abincin Jihar Katsina tun kafin a cire ta daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Masara da dawa da auduga da waken suya su ne ƙashin bayan tattalin arzikin yankin, kuma Funtuwa na ɗaya daga cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara gwada shirin bunƙasa aikin gona mai tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Duk da shigowar tarakta da garmar shanu, mafi yawan aikin gona a yankin da jiki ake yin sa: a duƙa a yi shuka, a sunkuya a yi noma, a ɗauki buhu a kai ko a kafaɗa. Duk waɗannan ayyuka a kan gaɓar kwatangwalo suke sauka. Saboda haka, manomin da wannan gaɓa ta lalace masa, abincin gidansa ne ya shiga haɗari.

Tiyata tana iya gyara gaɓar, amma ba ita ke mayar da mutum gona ba. Abin da ke mayar da shi shi ne horon da ake yi wa gaɓar a makonni da watannin da suka biyo bayan aikin. Daga cikin kayan wannan horo a manyan cibiyoyin lafiya na duniya akwai na'urar taku cikin ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda na'urar take aiki, ta fito da ƙa'idar da aka gina ta a kai, sannan ta duba yadda wannan ƙa'ida ta dace ko ta saɓa da fahimtar Bahaushe game da jinyar ƙashi.

1.1 Hanyoyin Gudanar da Bincike

Binciken na ɗakin karatu ne. An tattaro bayanan kimiyya daga ayyukan masana tiyatar ƙashi da masana horon gaɓoɓi, an kuma tattaro bayanan al'ada daga ayyukan da aka gudanar kan magungunan Hausawa. Yankin Malumfashi ya yi dace a wannan fage, domin a nan ne Last (1981) da Wall (1988) suka gina nazarce-nazarcensu kan lafiya da magani a wurin Bahaushe. Daga nan aka zaɓi kalmomi uku na jinyar ƙashi aka ƙalailaice ma'anoninsu, aka kwatanta su da abin da likitan ƙashi yake nema daga majinyaci.

2.0 Gaɓar Kwatangwalo da Dalilan Yi Mata Tiyata

A maganar yau da kullum akan cakuɗa kalmomin ƙugu da kwankwaso da katara da kwatangwalo. Mai ciwon baya yakan ce kwankwaso ke damunsa, mai ciwon gaɓar cinya ma yakan faɗi haka. A wannan maƙala, kwatangwalo na nufin mahaɗar da kan ƙashin cinya, wanda yake mulmulalle kamar ƙwallo, yake shiga cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu. Tsakanin wannan kai da doguwar sandar ƙashin cinya akwai ɗan siririn wuri da ake kira wuyan ƙashin cinya.

Dalilai uku ne suka fi kai mutum ga tiyatar wannan gaɓa. Na farko shi ne karaya, ko dai ta faɗuwar tsofaffi waɗanda ƙashinsu ya yi rauni, ko ta hatsarin babur da mota ga matasa. Na biyu shi ne zaizayewar guringuntsin gaɓar saboda shekaru da aikin ƙarfi. Na uku kuwa, wanda yake da muhimmanci ƙwarai a ƙasar Hausa, shi ne mutuwar kan ƙashin cinya sakamakon cutar amosanin jini, wato sikila. A wannan cuta ƙwayoyin jini sukan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin, sai ya mutu ya rufta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan cuta a Nijeriya a kowace shekara. Ma'anar wannan ita ce, a nan ƙasar mai buƙatar sabuwar gaɓa yana iya kasancewa saurayi ɗan shekara 25 ko matar aure mai goyo, saɓanin ƙasashen Turai inda galibi tsofaffi ne.

Aikin tiyatar kansa iri-iri ne. Akan ɗaure karayar da kusoshi da farantin ƙarfe, ko a sauya kan ƙashin cinya kaɗai, ko a sauya kan da gurbinsa gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe ya kankama ne daga aikin John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila a shekarar 1962. Mutanen kudancin Katsina sukan nemi irin waɗannan manyan ayyuka a Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ke nan a birni ake yin aikin, amma a ƙauye ake yin mafi yawan jinyar.

3.0 Na'urar Taku Cikin Ruwa

Na'urar wani babban akwati ne mai bangon gilashi, a ƙasansa akwai shimfiɗar roba mai zagayawa da ƙarfin lantarki. Majinyaci yakan shiga ta ƙofa tun akwatin yana bushe, a rufe, sannan a turo ruwa mai ɗumi har zuwa tsayin da ake so. Sai a kunna shimfiɗar a hankali, shi kuwa ya riƙa takawa a wuri ɗaya yana riƙe da ƙarafan gefe. Mai horarwa yana tsaye a waje yana kallon yadda ƙafa take sauka, yana gyara masa. Akwai kuma nau'in da ake girkawa a cikin kwamin wanka. Kamfanoni irin su HydroWorx na Amurka da Hydro Physio na Ingila suna ƙera ta, kuma likitocin dabbobi ma suna amfani da irinta ga dawaki da karnuka. Siffofi huɗu na ruwa ne suke yin aikin.

3.1 Tallafin Ruwa

Duk wanda ya taɓa jan guga ya san cewa ba ya jin nauyinsa sosai sai ya baro ruwan rijiya. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ruwa yana tallafar abin da aka tsoma a cikinsa daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Harrison da Bulstrode (1987) sun auna wannan a jikin mutane masu tsayuwa a ruwa. Sun samu cewa idan ruwa ya kai ƙugu, namiji yana ɗauke da kashi 54 cikin ɗari na nauyinsa, mace kuwa kashi 47. Idan ya kai ƙahon zuci, namiji yana ɗauke da kashi 35, mace kashi 28. Idan ya kai wuya, abin da ya rage kashi 8 ne kacal. Misali, manomi mai nauyin kilo 60 zai ji kamar kilo 32 yake ɗauke da shi a ruwan ƙugu, kilo 21 a ruwan ƙirji, kilo 5 a ruwan wuya.

Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka san nauyin da gaɓar take ɗauka a tudu. Bergmann da abokan aikinsa a Balin ta ƙasar Jamus (2001) sun yi amfani da gaɓoɓin ƙarfe masu ɗauke da ma'auni a cikin jikin majinyata, suka gano cewa a tafiya ta yau da kullum gaɓar kwatangwalo tana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin mutum, saboda jan da tsokoki suke yi. Wato gaɓar wancan manomi tana fuskantar nauyin da ya haura kilo 140 a kowane taku. Da na'urar, mai horarwa yana iya fara majinyaci da ruwan ƙirji, ya riƙa rage zurfin ruwan mako bayan mako, nauyin yana ƙaruwa daki-daki har ya koma tudu.

3.2 Turjiyar Ruwa da Matsinsa da Ɗuminsa

Ruwa ya fi iska kauri da kusan ninki 800, don haka kowace ɗaga ƙafa aiki ce ga tsoka, kuma gwargwadon saurin mutum gwargwadon turjiyar da zai gamu da ita. Wannan turjiya tana kuma jinkirta faɗuwa, abin da yake rage wa majinyaci fargaba. Ta fuskar matsi, ruwa mai zurfin mita ɗaya yana matsa ƙafa da kimanin maki 74 a irin ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, wanda yake taimakawa wajen kore kumburi zuwa sama. Ɗumin ruwan kuwa, wanda akan ajiye wajen digiri 33 zuwa 35, yana sassauta tsoka ya rage zogi.

3.3 Abin da Bincike Ya Tabbatar

Rahmann da Brauer da Nitz (2009) a Ostireliya sun fara sanya majinyata horon ruwa daga rana ta huɗu bayan tiyata, da raunin a rufe da bandeji mai hana ruwa shiga. A rana ta 14 sun samu cewa tsokokin da ke buɗa cinya sun fi ƙarfi ga waɗanda suka yi horon ruwan. Villalta da Peiris (2013) sun tattara bincike daban-daban, suka nuna cewa shiga ruwa mai tsafta da wuri bai ƙara matsalar rauni ba. Sai dai Liebs da abokan aikinsa a Jamus (2012) sun kwatanta farawa a rana ta shida da farawa a rana ta 14, suka ga cewa gaggawar ta amfani masu tiyatar gwiwa, amma ba ta ƙara wa masu tiyatar kwatangwalo komai ba. Abin da za a fahimta a nan shi ne, ruwa mataimaki ne mai sauƙaƙa motsi. Motsin shi ne maganin. Wannan ya sa ƙa'idojin jinyar karayar kwatangwalo da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2011 suka nemi a tayar da majinyaci ya fara motsawa tun washegarin tiyata, domin doguwar kwanciya tana jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da ciwon huhu da gyambon kwanciya da zubewar tsoka.

4.0 Jinyar Ƙashi a Tunanin Bahaushe

Wall (1988) ya nuna cewa lafiya a wurin Bahaushe ta wuce rashin ciwo, ta haɗa da daidaituwar al'amuran mutum gaba ɗaya. Last (1981) kuma ya lura cewa mutanen karkarar Malumfashi ba su cika damuwa da sanin tsarin da magani ya fito daga cikinsa ba, sukan gwada wannan su gwada wancan. Don haka majinyacin da ya dawo daga Dala ko Shika yana shigowa ne cikin gida mai nasa ilimin jinya, kuma kalmomi uku suna ɗauke da wannan ilimi.

4.1 Ɗori

Ɗori sana'a ce ta gado mai daraja, har akan naɗa Sarkin Ɗori a garuruwa. Maɗori yana bambanta karaya da tsagewa da targaɗe da gocewar ƙashi. Aikinsa shi ne ya ja gaɓa ya daidaita ta, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya shafa magani ya yi tofi, sannan ya hana motsi har ƙashi ya kama. Wannan dabara tana iya yin aiki ga karayar hannu ko ƙwauri wadda ba ta fasa fata ba, domin kara yana iya riƙe ƙashin daga waje. Wuyan ƙashin cinya kuwa yana can ciki ne ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu karan da zai kai gare shi. Bugu da ƙari, karayar wannan wuri takan tsinke hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin, ta yadda ko an daɗe a kwance ba lallai ne ya haɗe ba. Darasin da ɗori ya dasa a zukata shi ne ƙashi da hutu yake warkewa. Bayan tiyata kuwa ƙarfe ya riga ya yi aikin da kara yake yi, abin da ya rage shi ne tsoka, ita kuma da aiki take dawowa.

4.2 Gashi

An shigo da ilimin fisiyo Nijeriya a shekarar 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, kuma a 1988 aka kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista. Da sana'ar ta iso ƙasar Hausa, sai aka raɗa mata suna gashi ko gashin ƙashi, saboda fitilun zafi da ruwan ɗumin da aka ga ana amfani da su sun yi kama da gashin da ake yi a gida da tsumma da ruwan zafi. Sunan ya karɓu, amma ya ɗauki ƙaramin ɓangare na sana'ar ya bar babban. A jumlar "an yi masa gashi", majinyaci karɓau ne, wani ne yake aikatawa. Wanda aka tura gashi yana sa ran ya kwanta a ɗora masa zafi. Idan aka ce ya tashi ya taka, ko ya ɗaga ƙafa sau goma, yana iya ganin ba a yi masa aikin da ya zo nema ba. Idan kuma asibiti ya yi nisa, iyali sukan ga cewa gashin gida ya wadatar.

4.3 Jinya

A Hausa, idan aka ce wane yana kwance, an faɗi cewa ba shi da lafiya ke nan. Kyakkyawar jinya ita ce a hutar da majinyaci: a kawo masa ruwan alwala, a miƙo masa abinci, a hana shi ɗaga ko da tsinke. 'Yan dubiya sukan ce, "Sannu Baba, kada ka matsa wa kanka, Allah ya tashi kafaɗunka." Ɗan da ya sa mahaifinsa tafiya kwana biyu bayan tiyata yana iya shan zargin rashin tausayi daga dangi. Wannan tausayi abin yabo ne, sai dai a jinyar kwatangwalo yana iya zama sanadin da dattijo ba zai sake miƙewa ba. Abin lura shi ne, addu'ar kanta tashi take roƙo, kuma Bahaushe yana auna sauƙi da kalmomin motsi, kamar "ya miƙe" da "ya fara takawa". Ke nan akwai ginshiƙi a cikin harshen da za a iya ɗora sabon bayani a kansa.

5.0 Ruwan Yankin Ba Zai Maye Gurbin Na'urar Ba

Na'urar taku kayan manyan cibiyoyi ce. Tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, da ruwan da ake tacewa ana sa masa sinadarin kulorin, da injin ɗumama shi, da ƙwararren da zai tsaya a kan majinyaci. Wanda ya ji bayanin tallafin ruwa yana iya tunanin cewa madatsar Mairuwa ko ta Gwaigwaye a ɓangaren Funtuwa, ko madatsar Malumfashi, ko kududdufin bayan gari za su biya buƙata. Dalilai huɗu sun hana haka.

Na farko, ƙwayoyin cuta. Idan suka shiga ta raunin da bai gama rufewa ba suka kai ga ƙarfen da aka dasa, sukan manne masa ta yadda magani ba ya cin su, wani lokaci sai an sake tiyata an cire ƙarfen. Na biyu, tsargiya. Shirin binciken cututtuka na Malumfashi, wanda Pugh da Gilles da abokan aikinsu suka wallafa sakamakonsa daga ƙarshen shekarun 1970, ya nuna yaɗuwar fitsarin jini a yankin, kuma an yi nazarin mu'amalar mutane da ruwan madatsar Ruwan Sanyi a ƙarƙashinsa. Tsutsar wannan cuta tana fitowa daga dodon koɗi ta huda lafiyayyar fata. Na uku, laka da santsi da ramukan da ba a gani, waɗanda suke iya gocar da sabuwar gaɓa. Na huɗu, sanyi, wanda yake tayar wa mai sikila da ciwonsa.

Ko tsaftataccen ruwa ma ba kowa ya dace da shi ba. Tsayuwa a ruwa zuwa wuya tana tura jini mai yawa daga ƙafafu zuwa ƙirji, abin da yake wahalar da zuciya mai rauni. Wannan ba baƙon batu ba ne a nazarin al'adun yankin, domin Davidson da Parry, a binciken da suka yi a Zariya cikin shekarun 1970, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai zafi da shan kunun kanwa. Saboda haka mai ciwon zuciya, da mai zazzaɓi, da mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, da wanda rauninsa yake tsattsafo da ruwa, duk ba a sanya su cikin na'urar.

6.0 Ƙa'idar Na'urar a Gidan Manomi

Abin da na'urar take yi da zurfin ruwa, ana iya yin kwatankwacinsa da abin dogarawa. Majinyaci yakan fara da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya koma sanduna biyu, sannan sanda ɗaya wadda ake riƙewa a hannun ɓangaren ƙafar da ba a yi wa aiki ba, daga nan ya saki. Likitan da ya yi tiyatar ne yake faɗin yawan nauyin da za a ɗora da lokacin da za a ƙara. Gora biyu da aka kafa a tsakar gida daidai tsayin ƙugu suna iya zama madogara ga mai koyon taku. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma sharaɗin shi ne a kama hanyar.

Akwai kuma hane-hanen da likitoci da dama sukan gindaya na makonni shida zuwa sha biyu bayan sauya gaɓa, musamman idan ta baya aka buɗe: kada a lanƙwasa cinya fiye da yadda take a zaman kujera, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa ƙafar ciki. An tsara waɗannan ne da tunanin gidan da ke da kujera da gado mai tsayi. A Bakori ko Ƙafur kuwa suna nufin barin zaman tabarma, da tsuguno a masai, da durƙuson gaisuwa, da tanƙwashe ƙafa wajen cin abinci, da hawa bayan babur a hanya mai gargada. Kafinta yana iya ƙera kujera mai rami a ɗora bisa masai. Game da salla, shari'a ta sauƙaƙa wa marar lafiya ya yi ta a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda ya tabbata a hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito, don haka jin wannan daga bakin limamin unguwa zai kwantar wa majinyaci da hankali. Ita ma matar da al'ada ta ɗora wa durƙusa wa surukai tana buƙatar a sanar da gidan cewa umarnin likita ne ya hana ta.

Kalandar noma ma abin dubawa ce. Komawa aikin ƙarfi yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Tiyatar da ba ta gaggawa ba, idan aka yi ta bayan girbi, wajen Nuwamba ko Disamba, ta dace da lokacin da manomi yake da kuɗin amfanin gona a hannu, kuma tana ba shi rani sukutum ya yi horo kafin saukar damina a watan Mayu ko Yuni.

7.0 Sakamakon Bincike da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na ɗaya, fa'idar na'urar tana cikin ƙa'idarta ta ɗora nauyi daki-daki, kuma wannan ƙa'ida tana aiki ko babu na'urar. Na biyu, kalmomin jinyar ƙashi na Hausa suna karkata ga hutu, don haka majinyaci yana iya fassara umarnin likita ta hanyar da ba a nufa ba. Na uku, buɗaɗɗen ruwan yankin haɗari ne ga wanda aka yi wa tiyata.

Bisa wannan, ana ba da shawarar a riƙa amfani da horon gaɓoɓi a gefen gashi, domin kalmar horo tana nuna maimaici da haƙuri da sa hannun wanda ake horarwa, kuma manomi ya san ta daga horon shanun huɗa. Haka kuma a daidaita amfani da na'urar taku cikin ruwa, da tallafin ruwa, da turjiyar ruwa, da ɗora nauyi daki-daki a takardun sallama da shirye-shiryen rediyo. Ya kamata sassan nazarin Hausa su haɗa hannu da sassan fisiyo, kamar na Jami'ar Bayero da ke Kano, wajen rubuta jagoran jinya cikin boko da ajami. Ya dace a jawo maɗora cikin aikin, a fahimtar da su cewa dattijon da ya faɗi ya kasa tsayuwa, ƙafarsa ta gajarce ta juya waje, asibiti ya kamata a garzaya da shi a ranar. Daga ƙarshe, idan hukuma za ta samar da na'urar, ya fi dacewa ta girka ta a cibiyar da ake yin tiyatar, ta kuma ƙarfafa sassan horon gaɓoɓi a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, inda majinyata za su ci gaba da zuwa bayan sallama.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana yadda na'urar taku cikin ruwa take rage wa gaɓar kwatangwalo nauyi domin majinyaci ya fara tafiya da wuri, ta kuma kwatanta wannan da ma'anonin ɗori da gashi da jinya a wurin Bahaushe. An ga cewa babban giɓin da ke tsakanin ɗakin tiyata da gonar manomin kudancin Katsina ya haɗa da na fahimta, domin iyalin da suka ɗauka cewa kwanciya ce magani za su kwantar da majinyacinsu ko da an kawo na'urar ƙofar gidansu. Cike wannan giɓi aiki ne da ya shafi masana harshe da al'ada kamar yadda ya shafi likitoci. Akwai buƙatar bincike na gaba ya shiga garuruwan yankin ya tattaro kalmomin maɗora da na masu jinya daga bakinsu, domin a gina jagoran jinyar a kan Hausar da ake ji a can.